Man Shanun da Na Shafa wa Gogen Kakana

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, mako biyu da komawarmu lakwal, wato makarantar boko, a shekarar da na shiga aji uku. An gama girbi, gero ya shiga rumbu, kasuwa ta cika maƙil har jakuna ba su samun wurin juyawa. Inna ta aike ni sayen kanwa da daddawa. Na sayo kuwa, amma maimakon in kama hanyar gida sai ƙafafuna suka kai ni gindin tsamiyar da ke kusa da masu tumaki, inda kakana Naruwa yake shimfiɗa buzunsa duk ranar kasuwa. Na tarar yana murza ƙaro a izga, wato bakan da ake jan goge da shi, kansa a sunkuye, sai ka ce duk hayaniyar nan ba a kunnensa ake yin ta ba. Da ya gama sai ya ɗora gogen a cinya, ya ja sau ɗaya. Ina kallon mahaucin da ke tsallaken hanya ya ɗaga wuƙa zai sara, ya tsaya da ita a sama. Bafillatanar da ke auna nono ta bar ludayi ya nutse a ƙwarya. Daga nan Kaka ya shiga kiɗi sosai, ya kama taken gidan wani tsoho mai raƙuma da ya hango yana shigowa kasuwa, taken da aka yi wa kakan mutumin tun ba a haifi ubana ba. Tsohon ya miƙa wa ɗansa akala, ya taho ya durƙusa gaban buzun, yana share ido da gefen rawani a gaban jama'a ba ya ko jin kunya.

Cikin masu tsayuwa akwai wani baƙo mai wando da tabarau, riƙe da tsire a takarda. Har Kaka ya sauke izga bai kai tsiren baki ba. Da mutane suka ragu sai ya cire takalmi ya tsuguna, ya ce shi daga Yamai yake, aikinsa yawo gari gari yana ɗaukar kiɗan tsofaffi a kaset, a adana, don a riƙa ji ko bayan ransu. Akwatin ɗaukar ba ya tare da shi yau, amma Lahadi mai zuwa zai zo da shi a motar safe, ya koma a motar la'asar. Kaka bai ce komai ba sai "Allah shi kai mu." Ni kuwa na kwasa da gudu gida da labari, har na bar daddawar a gindin tsamiya.

Ban san nauyin maganar ba sai da na ga Kaka ya tura tuwonsa gefe da maraice, yana ta kallon yatsunsa. Shi ba ɗan gidan makaɗa ba ne. A wani ƙauye cikin dallol, babban kwarin da ya ratsa ƙasarmu, aka haife shi, gidan manoma zalla. Ya ji wani mai goge a wurin biki, ya bi shi da ƙafa, bai sake taka gidan ubansa ba sai bayan shekara bakwai. Ya yi Dogon Dutsi, ya yi Tawa, ya gangara har Kumasi tare da 'yan ci-rani, inda yake cewa manyan ƙarti masu ɗaukar buhu a ka sukan taru bayan aiki su roƙe shi ya sa su kuka, su tuna gida. Da ya dawo Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, ya yi aure ya kama noma kamar kowa, sai dai akwai abin da ba ya yi. Ba ya jan igiyar guga da hannun hagu, ba ya taɓa ƙayar shinge da shi, in zai riƙe ƙotar hauya sai ya naɗe shi da tsumma. Mutane suna yi masa dariya, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Hannun dama nau na, na hagu kau na mutane na."

Abin da ke cinsa shi ne babu magaji. Ubana tela ne, mai sahun gaba a masallaci, kuma ko da bai taɓa hana kiɗi a gidan ba, da an ɗauko goge yakan tuna yana da ɗinki a kasuwa. Ƙanensa direba ne, ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Samari biyu sun taɓa zuwa koyo, suka gudu, don Kaka yakan sa mutum ya shekara yana jan izga kawai kafin ya bar shi ya ɗora yatsa. Taken gidajen Kurfai kuwa, na manoma da na maharba da na 'yan kokawar da suka daɗe a ƙasa, da waɗanda ya ƙirƙira da kansa, duk suna cikin yatsu huɗu na tsoho ɗaya. Akwatin baƙon nan shi ne kaɗai magajin da ya taɓa zuwa da ƙafarsa.

Ni kuma a gidan nan ba ƙaramar mutum ba ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Ramatu, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Na kuwa hau sunan nan na zauna daram. Ni ce mai shan farkon furarsa, ni ce in na fasa tulu a hanyar rijiya nake rugawa in faɗa kan buzunsa, Inna ta tsaya daga nesa da tsumagiya tana cizon leɓe. Abu ɗaya ne sarautata ba ta kai ba, shi ne gogen. Yana rataye a ɗakinsa cikin jakar saƙi, ko ubana bai isa ya sauke shi ba. Ƙwarya ce rabi, an rufe ta da fatar guza, da sanda, da tsagiya ta gashin wutsiyar doki. Gashin ma sai na ingarma, don ya ce na goɗiya fitsari yana jiƙa shi, ba ya ƙarko. Ina son gogen, amma akwai abin da ke damuna da shi. Garin ƙaro ya sa gashin ya yi fari fat, ya bushe, wasu silin sun tsinke sun miƙe, garin kuma ya zuba ya taru a fatar. A idona kan yarinyar da ba ta da uwa nake gani.

Makon nan gidanmu bai zauna ba. Inna ta sabunta daɓen tsakar gida, aka wanke tabarmi aka shanya a kan danga, aka ɗaure awaki a bayan rumbu don kada su yi kuka cikin kaset. Ubana, da ba ya zama in ana kiɗi, ya kwana biyu a kan keke ya ɗinka wa Kaka riga sabuwa mai shuɗi, ya ajiye masa. A lakwal kuwa na ishi kowa. In an fita hutu nakan bar carafke da gaɗa in hau kututture ina ba da labarin akwatin da ban taɓa gani ba, har da yawan maɓallansa. Ranar Asabar aka yi mini kitso. Inna ta sayi man shanu cikin ɗan gora, ta shafe kaina, ta shafe ƙafafun ƙannena da suka yi furu-furu, ta shafe takalman fatar Kaka, abin da ya rage ta murza wa guga. Haka na tashi na gani: duk abin da ya bushe a gidanmu, maganinsa mai.

Bayan azahar Kaka ya tafi gona ɗauko ragowar harawa, Inna ta shiga maƙwabta sussuka. Na zauna ina tunani, kowa ya yi kyau don baƙo, har takalmi, amma mai bikin kansa yana rataye da ƙazantarsa. Na ɗauki ɗan goran, na taka tukunya na sauke jakar. Na share garin nan tas da bakin zanena. Na lakato man na bi tsagiyar sili sili yadda ake bin kitso, na bi izgar, sannan na shafe fatar har ta yi duhu tana sheƙi. Na daɗe ina yi, da dukkan zuciyata na yi, har ina yi masa 'yar waƙa. Na mai da shi na rataye, ban gaya wa kowa ba, don ina son in ga fuskar Kaka in ya buɗe.

Da hantsi baƙon ya iso, da akwatinsa rataye a kafaɗa. Tsakar gida ta cika, mata ta bayan danga, maza a tabarmi. Har wani Bazabarme mai goge, Sumana, ya taso tun daga Damana da nasa gogen a baya, ba don ya yi kiɗi ba, don dai ya ce yana wurin. Aka kife turmi aka ɗora akwatin a kai, baƙon ya sa pil sabbi, wato batura, ya gwada muryarsa muka ji ta dawo, yara suka watse da gudu suka sake dawowa. Kaka ya fito cikin shuɗiyar rigarsa, ya zauna, ya kwance bakin jaka. Ni ina gaba, ƙirjina a buɗe, ina jiran yabo. Hancinsa ne ya fara sani. Na ga ya ɗan tsaya, ya kai gogen kusa da fuska, ya sauke. Ya ɗora izga ya ja. Babu komai. Izgar ta zame ta wuce, ba abin da ya fito sai ɗan huci. Ya sake ja, haka. Ya murza ƙaro, ƙaron ya ƙi kamawa. Ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ta amsa masa a mace.

"Wa yat taɓa gogen ga?"

Bai ɗaga murya ba. Na miƙe, kuma wallahi har lokacin akwai sauran alfahari a jikina.

"Ni ta, Kaka. Na ga gashinai ya bushe."

Inna ta dafe baki ta bayan danga. Ubana ya zabura zai yo kaina, Kaka ya ɗaga hannun hagu, hannun nan da ba ya ɗagawa don komai, ubana ya tsaya.

"Uwata ta yi mashi kitso," in ji shi. "Ba a bugun uwa."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma shi bai yi ba, kuma bai dube ni ba. Na koma na zauna. Aka kawo toka da ruwan ɗumi, ya wanke gashin, ya shanya, ya sake wankewa. Izgar ta ɗan farfaɗo. Tsagiya ana iya sake ta, amma sabuwa sai ta kwana uku a ɗaure tana miƙewa kafin ta yi magana. Fatar kuwa ta riga ta sha mai ta ƙoshi, ba ta da magani sai wata. Rana tana tafiya, baƙon yana satar kallon agogo. Wajen azahar gogen ya ba da murya, amma a shaƙe, irin ta mai mura. Baƙon ya ce a ɗauka haka, Kaka ya girgiza kai.

Sai Sumana ya kwance nasa gogen ya miƙa da hannu biyu. Kaka ya karɓa, ya jujjuya shi, ya matsar da ɗan iccen da ke tokare tsagiya kamar faɗin yatsa, ya ja. Abin da ya fito daga gogen aron nan, na kasa faɗinsa har yau. Ya fara can ƙasa, a hankali, sannan ya hau, ya yi ta hawa har na ji numfashina ya tsaya yana jiran inda zai sauka, ya kuwa sauka daidai inda ba wanda ya zata. Matan bayan danga suka bar raɗa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fara kiran sunan mijinta da ya rasu. Yatsan baƙon ya nufi maɓalli a sace, Kaka kuwa idonsa a rufe yake, amma ya ɗauke izga.

"Kada ka taɓa."

"Baba, wannan ma ya isa. Na yi yawo, ban taɓa jin irinsa ba."

"Kai ba ka ji ba, ni na ji. Waɗanda za su saurara bayan na mutu cewa za su yi wanga shi na Naruwa. Ba ni zuwa Yamai da muryaw wani."

Aka roƙe shi. Ubana ma ya roƙe shi, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ni a raina na ji haushinsa ƙwarai, don da ya yarda da laifina ya mutu a wurin. Bai yarda ba. Ya mayar wa Sumana gogensa da godiya, Sumana ya riƙe yana kallonsa ciki da baya, can ya ce cikin Hausarsa ta Zabarmawa, shekara goma sha wani abu yana tare da abin nan bai san akwai wannan a cikinsa ba. Da la'asar baƙon ya rufe akwati. Ya ce gabas zai yi, tafiyar da nisa, amma bayan damina mai zuwa zai dawo. Na bi bayansu har tasha daga nesa, ina kuka, na ga an ɗora akwatin a mota ba komai a cikinsa.

Ba wanda ya doke ni, kuma da dukan aka yi da ya fi mini sauƙi. Washegari Kaka ya miƙo mini farkon furarsa kamar kullum, na kasa haɗiya. Sati uku aka yi ana gyara, duk inda za shi kuma sai ya ce in taso. Muka je wurin maharbi neman fatar guza. Muka hau amalanke zuwa wani ƙauye a hanyar Bonkuku inda wani mutum yake da farin ingarma, Kaka ya tsaya a bayan dokin yana yi masa magana, yana zaɓen gashi ɗaya ɗaya, wanda ya ji ƙulli a jikinsa ya bari. Na ga yadda ake jiƙa fata a ja ta a kafe, a bar ta ta bushe a inuwa ba a rana ba. Bai yi mini wa'azi ba ko sau ɗaya. Ya dai kama yatsana ya bi da shi a kan gashin da aka murza wa ƙaro, na ji yana kamawa yana saki, yana kamawa yana saki. A nan na gane abin da na ɗauka datti shi ne muryar.

Wata Juma'a bayan la'asar, gida ba kowa sai ni da kaji, ya fito da gogen ya zauna a buzu. Ya ce in kife turmi. Na kife. Ya nuna shi da izga.

"Zamna nan inda anka aje akwatin. Ke kib ɓata, ke za ki ɗauka."

Na hau na zauna, ƙafafuna ba su ko kai ƙasa. Ya fara. Kafin kowane take yakan faɗi na gidan wa ne, da wanda aka yi wa, da dalili, sannan ya ja. Ya yi na maharba, ya yi na manoman da suka fara saran dajin dallol, ya yi wanda yake yi wa 'yan ci-rani a Kumasi, kuma a nan na gane abin da ke sa ƙarti kuka. Na sha jinsa a kasuwa da wurin biki, amma ashe duk wancan abin da yake ba mutane ne, wannan kuwa nasa ne. Yatsun nan huɗu ba su ko danna tsagiyar, taɓa ta kawai suke yi, gogen yana magana, yana tambaya yana ba kansa amsa, wani lokaci in rantse mutum biyu ne ke kiɗin. Tsoro ya kama ni, irin wanda ba ya sa gudu. Ban san lokacin da inuwar rumbu ta iso kaina ba. Na ƙarshe ya ce ba take ba ne, waƙar da mahaifiyarsa take yi ce a bakin dutsen niƙa, bai taɓa yi wa kowa ba. Yana cikin yi na hango ubana a ƙofar zaure, da igiyar awo a wuya, ya dawo daga kasuwa. Wannan karon bai tuna yana da ɗinki ba. Yana nan tsaye har aka kira magariba.

Damina ta zo, ana cikin noman farko, wata safiya aka ɗauko Kaka daga gona a amalanke. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo daga baya, ƙafa ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Baƙon Yamai mutumin kirki ne, ya cika alkawari, bayan girbi ya zo da akwatinsa. Ya zauna da shi a kan gwiwa, ya sha fura, ya daɗe yana kallon hannun da ke kwance a cinyar Kaka, bai buɗe ba. Da zai tafi ya fara ba da haƙuri, Kaka ya nuna ni da haɓa ya ce, "An riga ka. An ɗauka." Baƙon ya yi murmushi, ya ɗauka wasan kaka da jika ne. Kaka ya ƙara shekara biyu ya rasu.

Yanzu ina koyarwa a Yamai, na girmi ubana na wancan lokacin. 'Ya'yana kowa da wayarsa, ba abin da ba su ɗauka, tukunya a wuta, akuya tana haihuwa, kowane saurayi da ya koyi jan izga jiya yana nan a ciki ana kallonsa. Na sa an bincika mini, ko wani ya taɓa ɗaukar Naruwa a wurin wani biki, babu. Gogen yana Filinge a ɗakin ƙanena, tsagiyar ta tsinke tuntuni. Kwanan baya autata ta ce in yi mata kiɗin kakan nan da nake yawan faɗi, ta kunna waya ta kara mini a baki. Na buɗe baki, abin da ya fito ya ba ni kunya, na ce ta kashe. Amma in ina tsintar shinkafa, ko ina hanyar lakwal da safe, yakan taso da kansa, take bayan take, da sunan gida da dalili, ba abin da ya ɓace ko sili ɗaya. Na ɗauka kamar yadda ya ce, kuma ni kaɗai nake ji.